Hafsan sojan ruwan da ya tuɓe kaki ya ɗauki buroshi: muhawara kan Alexey Bogolyubov

Abu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk lokacin da aka tayar da zancen masu zanen teku na ƙasar Rasha, sunan mutum ɗaya ake kira, wato Aivazovsky, sai ka ce bayansa babu kowa. Ni kuwa a ganina an danne haƙƙin wani mutum mai suna Alexey Bogolyubov, kuma shi nake so mu tattauna a kansa.

An haife shi a 1824 a wani ƙauye na yankin Novgorod. Mahaifinsa kanar ne na soja, ya rasu ya bar shi yana ƙarami, don haka a makarantun soja ya tashi, shi da yayansa Nikolai. A 1841 ya kammala makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta St. Petersburg yana ɗan shekara 17, aka tura shi rundunar Tekun Baltik. Zane kuwa tun yana makaranta yake taɓawa, amma ba wanda ya ɗauke shi a matsayin sana'a.

A 1849 ne al'amarin ya juya. Yana aiki a wani jirgin yaƙi mai tafiya da tururi, sunansa Kamchatka, aka ce jirgin ya kai Duke Maximilian tsibirin Madeira don ya sha iska saboda rashin lafiya. Shi wannan Maximilian surukin sarkin Rasha ne Nicholas na ɗaya, kuma shi ne shugaban babbar makarantar koyon zane ta ƙasar. Tafiya ta yi nisa, ya ga zane-zanen matashin hafsan, ya ba shi shawarar ya je ya yi karatun abin sosai. Da suka dawo ya fara zuwa makarantar yana nan da kakinsa. A 1853 ya ci babbar lambar zinariya, ya ajiye aikin soja, aka naɗa shi mai zanen hedikwatar sojan ruwa.

Abin da nake cewa shi ne: shekara 12 da ya yi a kan ruwa ita ce jarinsa. Idan ya zana jirgi, jirgin zai iya tashi ya yi tafiya. Bismillah, a zo a musa.

Sadiq Mai Zane:
Wa alaikumus salam. Malam, zan musa kuwa. Ni da fenti nake cin abinci, kuma wallahi ranar da na fara ganin hoton Aivazovsky na mutanen nan da suka maƙale a jikin karyayyen icen jirgi, ga igiyar ruwa ta taso musu, ga rana tana ɓullowa ta bayan ruwan, tsigar jikina ta tashi. Na duba na Bogolyubov da kake yabo, na ga aiki mai tsabta, amma bai taɓa min zuciya haka ba. Mai kallo ina ruwansa da ko igiyar jirgi ta ɗauru daidai? Abin da ya ji a ransa shi ne zane.

Baba Mai Ritaya:
Sadiq ɗana, bari in sa baki, don wannan fagena ne. Na yi aikin sojan ruwa har na ajiye, kuma akwai abin da ku na tudu ba ku gani.

A zamanin su Bogolyubov zane ba abin nishaɗi ba ne ga hafsan jirgi, yana cikin darasin da ake koya masa. Babu na'urar radar mai gano abu daga nesa, babu tauraron ɗan adam da zai gaya maka inda kake. Idan ka doshi gaɓar da ba ka taɓa zuwa ba, taswira kawai ba ta isa, domin taswira daga sama take nuna maka ƙasa, kai kuwa daga gefe kake hango ta. Sai a buɗe littafin jagora, a ciki akwai zanen gaɓar yadda take bayyana daga kan ruwa: ga tudu mai ƙusumbi biyu, ga hasumiyar fitila a hagunsa, ga farin dutse a ƙasa. Mai jan ragamar jirgi ya ɗaga kai ya dubi gaɓa, ya sunkuya ya dubi zane, ya auna da kamfas. Idan wanda ya yi zanen ya ƙara wa tudun tsawo don ya yi kyau a ido, ko ya matsar da hasumiyar don hoton ya daidaita, to ya kashe mutane. Jirgi zai hau kan dutse da dare.

Shi wannan bawan Allah ya yi irin wannan aikin da hannunsa. Bayan ya zama sanannen mai zane, ofishin da ke kula da taswirar ruwa na Rasha ya sa shi zana gaɓar Tekun Kasfiyan da ta mashigin Finland, don amfanin masu jirage. Mutumin da aka horar a kan cewa ƙarya a zane tana kashe rai, ba zai zo daga baya ya yi wasa da igiya ba.

Kuma batun igiya da ka raina. Jirgin wancan zamani da iska yake tafiya, filafilansa na ƙyalle ne, kowane filafili da igiyoyinsa da wurin ɗaurinsu. Wanda ya san aikin, da ya kalli hoto zai gane daga ina iska ke kaɗawa. Idan tuta ta nuna gabas, hayaƙin igwa ya nufi yamma, filafilai kuma suka cika ta wani ɓangaren daban, to hoton ya ƙaryata kansa, kome kyan launinsa. A hotunan Bogolyubov iska ɗaya ce take kaɗa komai. Ni wannan ne yake taɓa min zuciya.

Sadiq Mai Zane:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru ƙwarai. Amma da izininka, abin da ka faɗa ya nuna shi gwani ne wajen aikin taswira. Tambayata ita ce ko hakan ya sa ya fi wajen zane. Shi Aivazovsky ra'ayinsa a fili yake: walƙiya da tasowar igiyar ruwa ba a zama a gabansu a kwafa, sai dai mutum ya kalla ya adana a ka, ya koma ɗaki ya fitar. Da wannan hanyar ya yi zane wajen 6,000 kafin ya mutu a 1900.

Abu Hanan:
Yawan nan da ka ambata ai shi ne abin da masu sukarsa suke kamawa, Sadiq. Mutum ya yi zane dubu shida daga ka, dole ya riƙa maimaita kansa: wata a sama, haske a kan ruwa, jirgi ya karkata. Ka jera ashirin ka gani. Ban ce ba gwani ba ne, gwani ne na gaske. Amma tekunsa teku ɗaya ne, wanda yake cikin kansa.

Shi kuwa Bogolyubov daga 1854 zuwa 1860 yana yawon neman ilmi a Turai da kuɗin makaranta. Ya zauna a Italiya, ya yi karatu a Paris wajen Eugène Isabey, ya je Düsseldorf ta Jamus wajen Andreas Achenbach. Ko'ina ya je sai ya fita da akwatin fentinsa ya zauna a bakin ruwa. Shi ya sa ruwan Venice a hannunsa daban yake da ruwan Normandy, na Normandy kuma daban da na kogin Volga. Launin laka ma ya bambanta.

Ummu Khalil:
Ni fa kun bar inda hankalina yake. Ana ta igiya da launi, ba wanda ya tambayi me mutumin nan yake zanawa. Na nemi hotunansa, wanda ya fara fito min shi ne na yaƙin Sinop. Kun san me ya faru a Sinop?

Ranar 30 ga Nuwamba 1853, Admiral Nakhimov na Rasha ya shiga tashar Sinop da ke gaɓar Bahar Aswad da manyan jiragen yaƙi 6 da wasu ƙanana. Ya tarar da jiragen Daular Usmaniyya ta Turkiyya a tsaye sun jefa anka, kuma duk cikinsu babu mai girman nasa. Rashawa suna da igwa mai harba harsashi mai fashewa, jiragen kuwa na katako ne. Cikin 'yan sa'o'i aka ƙone su. Jirgi ɗaya tak ya tsira, mai suna Taif, shi ya kai labari Santambul. Turkawa wajen 3,000 suka mutu, Rashawa 37. Kwamandansu Osman Pasha aka kama shi da rauni. Wuta ta ci wani ɓangare na garin ma. Jaridun Ingila na lokacin kisan kiyashi suka kira abin, kuma yana cikin dalilan da suka sa Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya a watan Maris 1854.

To ku dubi hoton da ya kammala a 1860. Jiragen Rasha a jere, tutoci na kaɗawa, hayaƙi ya yi kyau. Ina mutum dubu ukun? Yaya Abu Hanan, ka ce mutumin nan ba ya ƙarya a zane. Ɓoye gawa ba ƙarya ba ce?

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Kuma kada a manta ba da kuɗinsa yake waɗannan manyan zane-zanen ba, fada ce take sa shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matsayinsa kamar na makaɗin fada ne: zai wasa sarki da kakannin sarki, ya lissafo garuruwan da aka ci da yaƙi, amma ba za ka taɓa jin ya ambaci kukan matan garin da aka cinye ba. Ba don bai sani ba.

Abu Hanan:
Hajiya, ba zan kare Sinop ba, abin da kika faɗa haka yake. Amma a yi masa adalci ta fuska biyu. Na farko, ba ya wurin. Lokacin da aka yi yaƙin yana St. Petersburg, shekarar da ya gama makaranta ke nan. Bayan an gama yaƙi ne ya tafi Santambul da Sinop ɗin kanta don ya ga yadda tashar take da idonsa, ya zana tuddai da gaɓa, sannan ya koma ya haɗa hoton. Na biyu, shi ma Aivazovsky ya zana Sinop, har kashi biyu, na rana da na dare, tun a 1853, kuma nasa ya fi murna da wutar. Idan laifi ne, su biyun ne.

Ummu Khalil:
Na yarda su biyun ne. Amma ni ban zo kare Aivazovsky ba, wannan rigimarku ce da Sadiq. Cewa ya je Sinop da ƙafarsa ma ai ƙara min hujja ka yi. Ya je bayan shekara kaɗan, ya ga garin da wuta ta ci, ya zauna cikin mutanen da suka binne 'ya'yansu, ya dawo da siffar tuddai kawai.

Malam Na Tudun Wada:
Ina biye da ku tun ɗazu. Maganar Hajiya tana da ƙarfi, kuma akwai misalin da zai tabbatar da cewa a wannan zamanin ma ana iya yin dabam. Vasily Vereshchagin makaranta ɗaya suka yi da Bogolyubov, ta hafsoshin sojan ruwa, sai dai shi a 1860 ya gama, kuma nan take ya ajiye aikin ya koma zane. Ya bi sojan Rasha zuwa Turkistan, ya bi su yaƙin Turkiyya na 1877, har aka ji masa rauni a kogin Danube. Shi gawa yake zanawa. Akwai hotonsa na 1871, tulin ƙoƙunan kawunan mutane a fili, hankaki na shawagi a kai, bayan su ga kangon gari. Manyan soja sun tsane shi saboda irin wannan. Ƙarshensa ma a teku ya mutu, a 1904, lokacin da jirgin Petropavlovsk ya taka nakiya a Port Arthur, can gaɓar ƙasar Sin, tare da Admiral Makarov.

Don haka ba za a ce zamani ne ya hana Bogolyubov ba. Zaɓi ya yi. Ya zaɓi zama kusa da fada, har shi ya koya wa Alexander na uku da matarsa zane tun kafin ya hau gado.

Baba Mai Ritaya:
Malam, Allah ya gafarta, ban ƙi taka ba, amma bari in faɗi yadda ɗan jirgi yake ganin abin. Vereshchagin yaƙin tudu ya zana, inda kake ganin fuskar wanda ka kashe. Yaƙin ruwa ba haka yake ba. Daga kan jirginka abin da kake gani shi ne katako da hayaƙi da wuta a can nesa. Mutanen suna ciki, ba ka ganinsu. Wannan shi ne mugun abin da ke cikin aikinmu, kuma hafsan da aka raina a kan jirgi da wannan idon yake tashi. Bogolyubov abin da hafsa ke gani daga inda yake tsaye ya zana. Hajiya tana da gaskiya cewa hoton bai cika ba. Ni dai ina cewa a nan ma bai ƙara kome ba, iyakar ganinsa ke nan. Horon da ya ba shi ido a kan igiya shi ne ya rufe masa ido a kan mutane.

Ummu Khalil:
Baba, wannan maganar na karɓe ta hannu biyu. Ita nake so a faɗa tun farko.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ɗana yana son zane sosai, kullum cikin littafinsa jirage ne da motoci, mahaifinsa kuma yana ɗari-ɗari da abin saboda addini. Malam Na Tudun Wada, irin wannan zanen na teku da jirage yana cikin wanda aka hana?

Malam Na Tudun Wada:
Maman Ilham, inda malamai suka yi magana mai tsanani shi ne surar abu mai rai, mutum ko dabba, kuma a nan ma akwai bayani dalla-dalla tsakanin mazhabobi da ba wurinsa ba ne nan. Amma abin da ba shi da rai, kamar teku, dutse, itace, gini, jirgi, jumhurun malamai sun halatta. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ku bar yaro ya zana jiragensa, ku saya masa takarda mai kyau. Sauran bayanin ku zauna da malamin unguwarku.

Maman Ilham:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri.

Sadiq Mai Zane:
Na koma na sake dubawa saboda maganar Malam Abu Hanan ta laka, kuma na ga wani abu. Manyan hotunan yaƙin nan, irin na Gangut da aka gwabza a 1714 da na Athos na 1807, duk kafin a haife shi aka yi su, daga takardu ya haɗa. Suna da tsari amma a sandare suke. Sai na faɗa kan ƙananan da ya yi a Faransa, waɗanda ba su wuce faɗin tafin hannu biyu ko uku ba. Akwai na bakin teku lokacin da ruwa ya janye: kwalekwalen masunta ya kwanta a gefe ɗaya a kan yashi, sararin sama toka-toka, yashin yana ɗan ƙyalli saboda danshi. Buroshi kaɗan ya sa. Ka ga inda ya ja fenti sau ɗaya ya bar shi, bai koma ya gyara ba. Wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san wannan ya fi wuya, domin hannu kullum so yake ya koma ya shafa.

Waɗannan kam sun taɓa ni. Ban sauka daga kan Aivazovsky ba, amma a nan na ga mai zane.

Abu Hanan:
Madalla. Ai waɗannan su ne masana zane na yanzu suka fi daraja a cikin aikinsa. Daga 1873 ya koma Paris da zama saboda ciwon zuciya, ya yi cuɗanya da masu zanen Faransa da ke fita daji su yi aiki a fili, irin su Corot da Daubigny. Mutum ya kai shekara hamsin, yana da muƙamin farfesa tun 1861, ya sake zama ɗalibi. Ba kowa ke iya wannan ba.

Gidansa na Paris kuma ya zama masaukin matasan masu zane daga Rasha. Ilya Repin da Vasily Polenov, waɗanda daga baya suka zama manya, ya ja su a jiki, a 1874 suka yi rani tare da shi a wani ƙauyen bakin teku a Normandy mai suna Veules suna zane a waje. A 1877 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar taimakon masu zanen Rasha da ke Paris, tare da marubuci Turgenev. Kusancinsa da fada da kuke zargi, da shi yake nema wa yaran nan aiki da masu saye.

Ɗan Damagaram:
To wannan ya rage zafi, amma bai goge ba. Mutumin fada mai kirki dai mutumin fada ne.

Abu Hanan:
Ɗan Damagaram, saurara ka ji wane ne kakansa, sannan ka yanke hukunci. Mahaifiyarsa 'yar Alexander Radishchev ce. Wannan mutumin a 1790 ya buga littafi yana tona asirin yadda masu ƙasa ke bautar da manoma a Rasha, ana sayar da su tare da gona. Sarauniya Catherine ta biyu ta karanta, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi korar zuwa Saiberiya. A can aka haifi mahaifiyar Bogolyubov. Littafin ya daɗe a haramce, sunan mutumin ma ba a son ambato. Bautar manoman kuwa sai a 1861 aka soke ta.

Shi jikan ya shafe shekaru yana tara zane-zane, nasa da na abokansa da na Turawan da ya saya. Sai ya ce zai ba wa birnin Saratov da ke bakin Volga duka, kyauta, saboda asalin gidan kakansa a wannan lardin yake. Sharaɗinsa: birnin ya gina gida, a buɗe wa kowa da kowa, kuma a sa masa sunan Radishchev. Ya samu amincewar Alexander na uku. Aka buɗe a 1885. Ka duba fa: sunan mutumin da gidan sarauta ya kora, jikansa ya sa wani sarki daga wannan gidan ya yarda a kafa shi a goshin gini.

A lokacin, talakan da ke lardi ba shi da inda zai je ya ga irin wannan. Tretyakov ma, attajirin nan mai tara zane-zane, sai a 1892 ya miƙa tarinsa ga birnin Mosko, shekara 7 bayan na Saratov.

Sadiq Mai Zane:
Malam, a nan ma fa gwanina ya riga shi. Aivazovsky ya buɗe nasa gidan zane a garinsu Feodosia tun 1880.

Abu Hanan:
Haka ne, ya riga shi da shekara 5. Amma na Feodosia a jikin gidansa yake, kuma aikin hannunsa ne a ciki. Na Saratov na gari ne tun ranar farko, aikin mutane da yawa ne, kuma bai sa masa sunansa ba.

Malam Na Tudun Wada:
Wannan ɓangaren ya fi komai burge ni a rayuwarsa, fiye da zanen ma. Akwai masu tara abin duniya su mutu magada su watsar. Shi ya yi wasiyya da dukiyarsa, wajen rubul 200,000, ga gidan da kuma makarantar koyon zane da ya so a buɗe a jikinsa. Ya rasu a Paris a 1896 bai ga makarantar ba, a 1897 aka buɗe ta da sunansa.

Amma Ɗan Damagaram, ina tare da kai a wani wuri. Alherin da ya yi a Saratov ba ya canza abin da ke cikin hoton Sinop. Abu biyu ne, kowanne a auna shi a ma'auninsa.

Ummu Khalil:
Nan nake ni ma. Kuma bai tsaya a Sinop ba, don a yaƙin 1877 ma ya zana yadda jirgin Turkawa mai sulke, Lutfi Jelil, ya tarwatse a kogin Danube, mutanen ciki kusan duk suka hallaka. Lokacin yana Paris yana waɗannan ƙananan zane-zanen masu taushi da Sadiq ya yaba. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun. Ina girmama abin da ya bar wa mutanen Saratov, amma ba zan rataye hoton yaƙinsa a ɗakina ba.

Baba Mai Ritaya:
Ni kuwa 'yata zan rataye na gaɓar Kasfiyan, in da zan samu. Ba wanda ya san adadin jiragen da suka shiga tasha lafiya saboda waɗannan takardun, don jirgin da ya isa lafiya ba a ba da labarinsa.

Sadiq, ga aiki na ba ka. Ka samo hoton Sinop ɗin na Bogolyubov da na Aivazovsky na rana, ka ajiye su gefe da gefe. Kada ka kalli wutar. Ka kalli tutoci da hayaƙi, sannan ka kalli yadda kowane jirgi ya juya gefensa ga gaɓa. Jiragen Nakhimov a tsaye suka yi faɗan, sun jefa anka, an ɗaura wata igiya daga bayan jirgi zuwa ta ankar don a iya juya shi ya fuskanci inda ake so ya yi harbi ba tare da ya motsa daga wurin ba. Ka duba wanne daga cikin su biyun ya nuna maka jiragen da ke tsaye a kan anka, ka zo ka gaya mana.

Sadiq Mai Zane:
An gama Baba. Ina ne ainihin hotunan suke yanzu, ko akwai inda ake samunsu da girma a intanet? Waɗanda nake gani ƙanana ne, igiyoyin ba sa fitowa.

Abu Hanan:
Yawancin na yaƙin, har da na Sinop, suna babban gidan tarihin sojan ruwa da ke St. Petersburg. Ƙananan na Faransa da na Volga kuwa mafi yawansu suna Saratov, a gidan Radishchev ɗin, wasu kuma a gidan Tretyakov na Mosko. Idan za ka nema, kwafi sunansa da haruffan Rashanci ka saka, za ka fi samun manya masu kyau fiye da in ka rubuta da boko.